Mai Son Karantar Da Ɗansa A Gida A Ingila, Ga Sharuɗɗan

A 'yan shekarun nan mutanenmu da yawa sun tashi da iyalansu sun koma Ingila, waɗansu neman ƙarin ilmi, waɗansu aikin asibiti. Cikin labaran da suke aikowa gida akwai ɗaya da ke ba mutane mamaki, wai a can uba yana iya cire ɗansa daga makaranta ya riƙa karantar da shi a gida, hukuma ba ta ce masa uffan ba. To, rabin wannan magana gaskiya ne. Ɗaya rabin, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne za mu duba a wannan mako, domin kada wani ya ji daɗin labari ya faɗa abin da bai shirya masa ba.

Tushen al'amarin yana cikin sashe na 7 na Dokar Ilmi ta 1996. Sashen ya ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa duk yaron da ya kai shekarun karatu yana samun ilmi ingantacce na cikakken lokaci, wanda ya dace da shekarunsa da basirarsa da kowace irin bukata ta musamman da yake da ita, ko dai ta hanyar zuwa makaranta, ko kuwa ta wata hanya dabam. Wannan jawabi na ƙarshe, watau "wata hanya dabam", tun dokar 1944 yake, kuma shi ne ƙofar da masu karantarwa a gida suke bi. Ashe abin da aka wajabta a Ingila ilmi ne, makaranta kuwa hanya ce ɗaya ta samunsa. Wajibcin yana farawa daga zangon karatu na bayan yaro ya cika shekara 5, ya ƙare ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Yuni a shekarar karatun da zai cika 16. Dokar ba ta tambayi irin fasfon da uba yake riƙe da shi ba, duk mazaunin ƙasar ta shafe shi.

Masu bin wannan hanya suna ƙaruwa. Ƙididdigar Ma'aikatar Ilmi ta nuna yara 92,000 ne ake karantarwa a gida a ƙarshen 2023, a ƙarshen 2024 kuwa sun kai 111,700. Waɗansu iyayen lafiyar yaro ce ta sa su, waɗansu cin zalin da ake yi masa a makaranta, waɗansu kuma tarbiyya ko addini.

Ga matakan kamar yadda jagorar da ma'aikatar ta fitar a 2019 ta shimfiɗa su. Idan yaro yana makaranta, uba ko uwa za su rubuta wa hedimasta takarda su sanar da shi cewa daga rana kaza za su karantar da yaron a gida. Sanarwa ce, ba roƙon izni ba. Makaranta sai ta soke sunansa daga rajista, sa'an nan ta gaya wa ƙaramar hukumar yankin. Wanda ya riƙe yaro a gida bai rubuta ba, sunan yaron yana nan cikin rajista, za a riƙa ƙidaya masa fashi, ana kuma iya cin iyayen tara a kan haka. Akwai wurare biyu da takarda kaɗai ba ta isa ba. Idan ƙaramar hukuma ce ta sa yaron a makarantar masu bukata ta musamman, sai da yardarta. Haka kuma idan da ma umarnin hukuma ne ya kai shi makarantar, sai an janye umarnin. A Sikotiland kuwa, wadda take da dokar ilminta dabam, ana neman yardar hukuma kafin a cire yaro daga makarantar gwamnati. Saboda haka mazaunin Gilasgo kada ya yi aiki da shawarar mazaunin Landan.

Bayan haka, abin da ba a nema ya fi abin da ake nema yawa. Ba a neman uba ya nuna takardar shaidar malanta. Ba a tilasta masa bin manhajar ƙasa, ba a yanka masa sa'o'in karatu, ba a ce sai ya keɓe ɗaki mai allo da kujeru ba. Wannan sauƙi shi ne yake ruɗin mutane, alhali kuwa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Dalili kuwa, ita ma ƙaramar hukuma doka ta ɗora mata nata aikin, watau ta binciko yaran yankinta waɗanda ba su samun ilmin da ya dace. Don haka za ta rubuto ta tambayi abin da ake koya wa yaron da irin ci gaban da yake samu. A shekarar 1980 wata babbar kotu ta bayyana cewa ko da yake ba dole ne iyaye su amsa irin wannan tambaya ba, hankali shi ne su amsa, domin idan suka yi shiru hukuma tana da dalilin zaton babu karatun da ake yi. A 2021 kuma, cikin shari'ar da wata uwa ta kai ƙarar hukumar garin Portsmouth, kotu ta goyi bayan hukumar, ta ce tana iya neman hujjar da ta wuce faɗar iyaye kawai. Mai hikima dai zai ajiye littattafan aikin yaro, ya rubuta abin da aka karanta kowane mako, ya adana sakamakon kowane gwaji, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan hukuma ba ta gamsu ba, sashe na 437 ya ba ta ikon aiko da takardar gargaɗi, ta ba iyaye wa'adin da bai gaza kwana 15 ba su gamsar da ita. In suka kasa, sai ta ba da umarni a rubuce ta ambaci makarantar da za a kai yaron. Ƙin bin wannan umarni laifi ne da ake gurfanar da mutum gaban majistare, tararsa tana iya kaiwa fam 1,000.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi kayar da mutane. Ranar da aka soke sunan yaro, dukan ɗawainiyar karatunsa ta koma wuyan iyaye: littattafai, kayan gwaje-gwajen kimiyya, ladan malamin da za a ɗauko don lissafi ko wani fannin da ya gagari uba. Jarrabawar GCSE da ake ɗauka a shekara 16, wadda ɗan makarantar gwamnati yake yi kyauta, ɗan gida sai iyayensa sun nemo cibiyar da za ta karɓe shi, su biya kuɗin kowane fanni. Bugu da ƙari sai ɗaya daga cikin iyayen ya rage aiki ko ya bari, a ƙasar da kuɗin haya ba ya jira. In kuwa aka gaji bayan wata shida aka so komawa, babu alkawarin cewa gurbin da aka bari yana nan. Har wa yau akwai makarantun da aka sha zargi da matsa wa iyayen yaron da ba ya ƙoƙari su cire shi, domin kada ya ɓata musu sakamakon jarrabawa. Duk wanda aka miƙo masa takardar cire ɗansa a rubuce aka ce ya sa hannu kawai, ya ƙi, doka ba ta tilasta shi ba.

Akwai kuma wani tarko da ya shafi mutanenmu musamman, domin mu masu son taimakon juna ne. Gidaje huɗu ko biyar suna iya cewa bari su haɗa yaransu wuri ɗaya su ɗauko malami ya koyar da boko da Alƙur'ani tun safe har yamma. A dokar Ingila, wurin da ake ba yara 5 ko fiye, masu shekarun wajibci, karatu na cikakken lokaci makaranta ce, dole a yi mata rajista. Gudanar da ita ba rajista laifi ne, hukumar Ofsted mai duba makarantu tana bincikar irin waɗannan wurare, an kuma hukunta mutane a kai. Niyya mai kyau ba ta kare mutum a gaban alƙali.

Kada kuma a zaci sauƙin nan zaunanne ne. A watan Agusta 2023 aka tsinci gawar wata yarinya 'yar shekara 10 a garin Woking, wadda aka cire daga makaranta da sunan karatun gida bayan malamai sun ga tabon duka a jikinta. A watan Disamba 2024 kotu ta ɗaure ubanta da matarsa rai da rai, a watan ne kuma gwamnati ta gabatar wa majalisa shirin doka mai neman kowace ƙaramar hukuma ta buɗe rajistar yaran da ba su makaranta, a kuma hana cire yaron da ake binciken lafiyar zamansa a gida sai da izni. Don haka kafin uba ya rubuta wa hedimasta, ya fara tuntuɓar ofishin ilmi na yankinsa ya ji ƙa'idar da ake bi a ranar.

Waɗansu maƙwabtan Ingila sun fi ta tsanani. Jamus ta hana karatun gida, Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam kuma ta goyi bayanta a 2006. Faransa, bisa dokar 2021, ta mai da shi sai da izni tun daga 2022, kuma sai da dalili, kamar rashin lafiyar yaro ko nisan makaranta.

A nan gida fa? Dokar Ilmin Bai-Ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su ga 'ya'yansu sun shiga firamare da ƙaramar sakandare sun kuma kammala. Wanda ya saɓa, karo na farko a ja masa kunne, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka Naira 5,000 ko wata biyu. Makaranta ta ambata, ba ta bar ƙofar wata hanya dabam irin ta Ingila ba. Saboda haka wanda ya hana 'yarsa aji ya ɗora mata faranti kada ya kafa hujja da Turawa. Baturen da ya riƙe ɗansa a gida ya ɗaukar wa kansa aikin makaranta ne sukutum, da kuɗinsa da lokacinsa, ana kuma tambayarsa sakamako.

Shawararmu ga 'yan uwa mazauna can ita ce, takardar hedimasta ta zama abu na ƙarshe da za a rubuta, bayan an zauna an ƙidaya wanda zai koyar, da abin da za a kashe, da inda yaro zai ɗauki jarrabawa, da inda zai sami abokan wasa. Wanda lissafinsa ya fita, doka ta ba shi hanya, Allah ya taimaka. Wanda bai fita ba, ya bar yaro a aji ya ƙara masa da nasa da yamma, don da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya raya mana zuriya.