Wanda Bai Haɗa Motarsa Ba, da Wuya Ya Iya Saita Ta

Ƙananan motocin tsere da ake sarrafawa da rimot, masu gudu a kan ƙasa da tudu, iri biyu ake sayar da su a kasuwannin Japan, Turai da Amurka. Akwai wadda ke zuwa a haɗe, batir kawai za a sa mata. Akwai kuma wadda ke zuwa a warwatse cikin kwali, da ɗaruruwan sassa da littafin bayani. Yawancin sababbin shiga sukan ɗauki ta farko saboda sauƙi. Amma ga mai niyyar tsere na gaske, ta biyu ita ce ta dace.

Da haɗawa aka faro wannan wasa. Motar Grasshopper ta kamfanin Tamiya na Japan, da RC10 ta Team Associated na Amurka, duk a 1984 suka fito, kuma duk a warwatse aka sayar da su. A 1985 hukumar IFMAR ta shirya gasar duniya ta farko ta motocin lantarki irin waɗannan, masu girman kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, a Kalifoniya.

Ƙarfin inji kaɗai ba ya cin tsere a kan ƙasa. Saiti ne ke ci. A ɗauki shokozoba misali. Man silikon mai kauri yana rage mata saurin motsi, sai mota ta sauka lafiya bayan tsalle, amma a hanya mai gargada tayoyi su riƙa tashi daga ƙasa. Mai ruwa-ruwa yana riƙe ƙasa, sai dai gindin mota kan bugi ƙasa wajen sauka. Haka giya take: idan aka ƙara haƙoran ƙaramar giyar da ke jikin inji, gudu zai ƙaru, zafin inji ma ya ƙaru. Tayoyin baya kuma akan karkato da gabansu ciki da kimanin digiri 3, domin mota ta tsaya daidai lokacin da aka ba ta wuta. Kowace riba da asararta.

Wanda ya cika shokozoba da hannunsa, ya jira kumfar iska ta fita daga mai, ya san inda zai duba ranar da mota ta fara rawa. Wanda ya saya a haɗe kuwa, sau da yawa sai ya canza abu uku a lokaci guda, ya kasa gane wanne ya yi aiki. Ƙa'idar ƙwararru ita ce a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta.

Gaskiya ne haɗawa na cin sa'o'i, kuma kuskure ɗaya na iya lalata giya. Ga yaro mai wasa a tsakar gida, haɗaɗɗiyar ta wadatar. Amma tseren lantarki kan ɗauki minti 5 kacal, kuma tsakanin zagaye da zagaye galibi babu bakaniken da zai kwance mota ya gyara sai mai ita.