Lafiya Uwar Jiki: Aikin maƙogwaro ga babba, da kwana 14 da ba a gaggawar komawa gida



Maganarmu ta wannan wata kan ciwon maƙogwaro ce, irin wanda yake tafiya yana dawowa har likita ya ce sai an yi aiki. Da yawa cikinmu sun ɗauka yara kaɗai ake yi wa wannan aiki. A'a, ana yi wa manya, kuma babba ya fi yaro shan wuyarsa. Aikin kansa bai cika kai awa ɗaya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne sati biyun da ke biye da shi, musamman ga mu da asibiti ya yi wa nisa.

Beli daban, amidal daban

Ki tsaya gaban madubi, ki buɗe baki ki ce "aaa". Ɗan naman da ke lilo a tsakiya shi ne beli, wasu su ce hakin wuya. Ki duba dama da hagu can ciki, za ki ga ƴan tsoka biyu, kowace kamar ƙwallon dabino. Su ne ma'aikatan lafiya ke kira amidal. In ƙwayoyin cuta suka kama su sai su kumbura, su yi ja, wani lokaci da farin ɗigo-ɗigo, ga zazzaɓi, ga haɗiyar yawu ta zama aiki. Wannan shi ne anjin da kike ji ana faɗa a likita.

Na fara da wannan bambanci ne don a wajenmu, da maƙogwaro ya dami mutum sai a ce beli ne, a kira wanzami. Wanzamai mutanenmu ne, muna girmama su, amma gaskiya ɗaya ce: yanke beli ba ya warkar da amidal, don ba shi ne mai ciwon ba. Kuma yankan da aka yi a tsakar gida yana iya jawo zubar jini, ko ciwon sandarewar jiki, ko ciwon hanta da sida in ƙarfen ya taɓa jinin wani. Su kuwa amidal suna zaune ne kusa da manyan jijiyoyin jini na wuya. Ba wurin aska ba ne ko kaɗan.

Yaushe ake cewa a cire?

Ba kowane ciwon maƙogwaro ne ke kai wa ga aiki ba. Mafi yawa mura ce, tana wucewa cikin mako guda. Ma'aunin da likitoci suka fi amfani da shi shi ne: anjin mai tsanani sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 kowace shekara har shekara 2, ko sau 3 kowace shekara har shekara 3. Ana kuma dubawa in ƙurji mai mugunya ya sha fitowa a gefen amidal, ko sun yi girman da mutum ke minshari har numfashinsa ya riƙa tsayawa cikin barci. Babba da ya ga gefe ɗaya kaɗai ya kumbura, makonni sun wuce bai saɓe ba, kada ya tsaya ƙirge, ya je a duba shi.

Don haka duk ranar da ciwon ya tashi, ki je wajen majo ya duba, ya rubuta a littafin likitarki da kwanan wata. Littafin nan shi zai yi miki magana gaban babban likita. In an ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki shanye shi duka ko da kin ji sauƙi, don akwai anjin da in ba a kashe shi sarai ba yake komawa ya taɓa zuciya da gaɓoɓi.

Shiri kafin tafiya

Hanyar ita ce wadda muka sani: daga likitar gari zuwa In-Gall, daga nan da takardar turawa zuwa babban asibitin jihar Agadas. Can za a faɗa miki inda za a yi aikin, ko nan ne ko sai an wuce Damagaram ko Yamai. Sashen da za ki nema shi ne na kunne da hanci da maƙogwaro, a ƙofarsa ana rubuta ORL.

Da yake ba aikin gaggawa ba ne, ki roƙi likita ku zaɓi lokaci tare. Damina ba ta dace da mu ba. Kowa ya san yadda laka ke riƙe mota tsakanin Tegidda da In-Gall in ruwa ya sauka, tafiyar da ta haura kilomita 80 ba kwalta. Ki kuma kauce wa watan azumi in da hali, tunda waraka tana son shan ruwa dare da rana.

Za a ɗebi jininki a auna yawansa da rukuninsa da yadda yake daskarewa. Ki faɗa wa likita komai, ban da kunya: in kina da ciki ko kina zato, in kina shayarwa, in kina da sikila, hawan jini, ciwon suga ko asma, in kin taɓa zubar da jini da yawa wajen haihuwa ko cire haƙori. Ki faɗi duk maganin da kike sha, har jiƙo da sassaƙe. Aspirin yana tsinka jini, ana barinsa kamar kwana 7 zuwa 10 kafin aiki, kuma yana ɓoye cikin wasu magungunan ciwon kai da ake talla a kasuwa. Ranar aiki ba a cin komai aƙalla awa 6 kafin a shiga. Za a sa ki barci gaba ɗaya, ta baki ake cire su, ba yanka a wuya, ba tabo a waje.

Bayan an fito

Kada a ruɗe ki, akwai zafi. Kuma ba ya raguwa a jere: sau da yawa tsakanin kwana na 3 da na 7 ya fi na farko tsanani. Kunne ma yana ciwo, ba wata sabuwar cuta ba ce, jijiya ɗaya ce ta haɗa su. Wurin da aka cire zai yi fari-fari, baki ya yi wari. Wannan farin ɓawon miki ne, ba mugunya ba, kada a goge shi, kada a sa masa gishiri ko kanwa. Gishirinmu na Tegidda yana da ranarsa, amma ba a kan ɗanyen miki ba.

Ki sha maganin zafi a kan lokacin da aka rubuta miki, kada ki jira sai ciwo ya taso. In kin sha shi kamar rabin awa kafin abinci, haɗiya za ta zo da sauƙi. Ruwa kuwa kurɓi-kurɓi, ba tsayawa. In fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, ruwan jiki ya ƙaranta ke nan. Abinci: kunu da ya huce, fura da nono ba yaji, madarar da aka tafasa ta huce, ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. A dakata da barkono, tsamiya, lemun tsami, kilishi da busasshen dabino. Shayi mai tururi ma sai ya huce. Kada ki ƙi cin abinci don tsoro, haɗiyar tana taimakon mikin ya warke. Ki nisanci hayaƙin murhu da ƙura da masu mura.

Abin da ya sa na ce kwana 14

Tsakanin kwana na 5 da na 10 ɓawon mikin yake faɗuwa, kuma a nan ne jini kan iya ɓallewa. Ba kowa yake samu ba, amma ya fi samun manya a kan yara, kuma yakan zo ne lokacin da mutum ya fara cewa ai na warke. Wadda ta kwana kusa da asibiti, cikin mintoci za a tsayar mata da shi. Wadda ta riga ta koma Tegidda fa? Sai neman mota cikin dare, sai In-Gall, sai kuma fiye da kilomita 100 zuwa Agadas, jini yana zuba. Shi ya sa ko an sallame ki washegari, ki sauka gidan dangi ko na wata ƴar ƙungiya a garin da aka yi aikin, har sati biyu su cika, likita ya sake dubawa.

In kin ga jan jini a baki, ko kin yi aman jini: ki zauna, ki ɗan sunkuya gaba, ki tofar kada ki haɗiye, ki riƙe ruwan sanyi a baki, a kai ki asibiti nan take. Ko ya tsaya da kansa, a je, don ƙaramin jini wani lokaci ɗan aiken babba ne. Haka in zazzaɓi ya yi zafi, ko ruwa ma ya ƙi wucewa, ko numfashi ya yi wuya. Cikin kwanakin nan ba daka, ba jan guga, ba ɗaukar laka ko tulun ruwan gishiri.

Ga masu tsoro: cire amidal ba ya hana haihuwa, ba ya ɗauke murya, kuma jikin babba yana da sauran masu tsaronsa daga cuta.

Rabon ƙungiya

Kyautar magani da gwamnati ta kawo tun 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aikin fidda jariri da awon ciki, ba ta haɗa da wannan aiki ga babba ba. Ga kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, ga awon jini, ga farmasi, ga abincin sati biyu a baƙon gari, ga sana'a ta tsaya. Rashin guzurin kwanakin nan ne ke kora mace gida tun mikinta bai rufe ba.

Tun da Mata Masu Dubara ta faro a jihar Maraɗi a 1991, dabarar ita ce kaɗan-kaɗan ya zama da yawa. Ku lissafa: mata 25, kowace ta sa dala 10 a mako cikin asusun taimako, a shekara jika 65 ke nan. Shawarata, a zama na gaba kowace ƙungiya ta tsayar da abu uku, a rubuta. Na farko, kuɗin jinya ya fito daga asusun taimako, ko a ba da rance ba riba, a ɗaga wa mai jinya zubi har ta miƙe. Na biyu, a san wadda za ta raka ta, mai waya da lambar direba, kuma a samu ɗan'uwa da zai ba da jini in an nema. Na uku, a raba aikinta: wannan ta kula da yara, waccan da awaki, wata ta duba mata ramukan gishiri. A kuma zauna da maigida tun kafin tafiya, ya ji daga bakin shugaba ko majo cewa sati biyun nan cikin magani suke, kada a fara aiken "yaushe za ki dawo" tun kwana na huɗu.

Wadda ba ta iya karatu ba, a karanta mata wannan shafi ranar zubi. Masu tambaya su ba sakatariyar ƙungiyarsu ta aiko. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma Ya ƙara mana lafiya. Sai wata mai zuwa.