Kafin Ka Ba Makaniki Ya Yanka Motarka

Ran kasuwar da ta wuce ina zaune a rumfar masu sayar da taki, sai ga wani Alhaji mai sayen hatsi, wanda muka daɗe da sanin juna, ya zo ya zauna kusa da ni, wandonsa duk taɓo har gwiwa. Da muka gaisa sai ya ce, "Malam, shawara na ke nema. Akori-kurar nan tawa ta ishe ni. Shekaranjiya ta kafe a mashigin fadama da buhu ashirin na taki, sai da na biya samari suka sauke kaya, suka tura, suka sake lodi. Wani makaniki ya ce zai mai da mini ita mai ja da ƙafa huɗu, kamar Land Rover. Me ka gani?"

Na ce, "Alhaji, ni malamin gona ne, amma an koya mana sha'anin inji a makarantar aikin gona, na kuma kwana a daji saboda mota ba sau ɗaya ba. In za ka bi tawa, kada ka yi." Da ya ke ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba, na ga ya kamata in kawo maganar a wannan fili, jama'a su ji dalilina.

Galibin akori-kura ƙafafun baya ne ke tura su, na gaba bin hanya kawai su ke yi. Ita kuwa mai ja da ƙafa huɗu, a bayan akwatin giya tana da wani ƙaramin akwati mai raba ƙarfin inji biyu, farfela ɗaya ta tafi baya, ɗaya ta tafi gaba. A cikinsa kuma akwai giyar ƙarfi, wadda ke sa mota ta rarrafa a hankali kamar sa mai huɗa.

Ban ce abin ba ya yiwuwa ba. An yi shi tun da daɗewa. A Amurka, tun cikin shekarun 1930 kamfanin Marmon-Herrington ke karɓar motocin Ford yana mai da su masu ƙafa huɗu. Cikin shekarun 1950 wani kamfani, NAPCO, ya riƙa sayar da kayan aikin a ɗaure cikin akwati domin motocin Chevrolet da GMC. A Faransa ma kamfanin Dangel ya yi wa Peugeot 504 haka cikin shekarun 1980, irin 504 ɗin nan da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna. Amma ku lura, waɗannan masana'antu ne masu injiniyoyi, da suka auna mota iri ɗaya suka ƙera mata kowane ƙarfe daidai da ita. Kuma da Ford ya fara fito da tasa mai ƙafa huɗu daga masana'anta a 1959, Chevrolet ya bi da tasa ƙirar a 1960, sai cinikin juye-juyen nan ya ja baya. Watau su da suka fi kowa iya aikin, da aka sami ta asali a kasuwa, mutane suka bar su.

To, me makanikin Alhaji zai yi? Shi Alhaji yana zaton ƙarfe ɗaya za a ƙara. Ina! Sai an cire aksil na gaba an kawo mai ja, da sifirin nasa da maɗaurinsa. Sai an sake akwatin giya, ko a farke shi, gama wutsiyar na mai ƙafa biyu ba ta karɓar ƙaramin akwatin nan. Farfelar baya sai an rage tsawonta, a nemo ta gaba. Sitiyari da birki su ma sai an taɓa su. Sau da yawa tukunyar baƙin mai da ke gindin inji tana zaune daidai inda aksil zai wuce, sai an sake ta. Mafi muni, a yawancin tsofaffin motoci ƙashin bayan mai ƙafa biyu dabam ya ke da na mai ƙafa huɗu, don haka sai an yanka an yi walda a wurin da ke ɗauke da inji da sitiyari. Rabin mota ke nan a ke sakewa, a gindin bishiya, da ido da igiyar awo.

Ga wani abu ƙarami da kowa zai iya dubawa da kansa. Ka durƙusa ka ƙirga notin ƙafar motarka. A tsofaffin Toyota Hilux, mai ƙafa biyu noti biyar ne, mai ƙafa huɗu shida. In an sa maka aksil mai shida a gaba aka bar mai biyar a baya, safayarka ɗaya ba za ta yi wa duka ba. Ko ka sake aksil na baya, ko ka riƙa yawo da safaya biyu.

Amma inda a kan yi babbar asara shi ne wajen haƙora. A tsakiyar kowane aksil mai ja akwai haƙora biyu masu cin juna, babba da ƙarami, su ne ke ƙayyade sau nawa farfela za ta juya kafin taya ta zaga sau ɗaya. Dole na gaba da na baya su zama daidai. Ga misali: na baya haƙori 41 ne da 10, wanda aka tsinto wajen 'yan gwangwan domin gaba kuwa 41 da 9. A ido duk ɗaya ne. Amma in ƙafafun baya sun ci yadi 100, na gaba yadi 90 kawai su ke so su ci. Kamar ka ɗaura sa da jaki a garma ɗaya. Cikin taɓo ba za ka ji kome ba, don taya tana sulɓi. Da ka hau busasshiyar ƙasa, sai ƙarafa su shiga murɗar juna, har wani ya karye, kuma ba mai araha ne ke karyewa ba. Na san wani manomi da aka yi wa wannan aiki. Motarsa ta yi wata uku a gareji, tun daga shuka har aka yi maimai, ta fito ta yi mako biyu a kan hanya ta koma. Garin neman gira ya rasa ido. Da ya gaji ya kai ta kasuwa, dillalai suka leƙa ƙarƙashi suka ga walda, kowa ya taya ta ƙasa da kuɗin wadda ba a taɓa ba.

Ko da aiki ya yi kyau, ku sani ƙarafan nan nauyi ne da su. Duk abin da aka ƙara na ƙarfe an rage shi ne daga buhunan da mota za ta ɗauka, ga ƙarin shan mai rani da damina. Ba a barin irin wannan mota cikin ƙafa huɗu a kan kwalta. Ƙafa huɗu ba ta ƙara wa birki kome, ba ta hana ruwa shiga inji in rafi ya kawo. Baƙar laka kuwa, irin ta firki a Borno, in ta jiƙa ba ta san ƙafa huɗu ba, sai dai ka shiga nesa kafin ka kafe, inda ba mai jin kiranka.

Sa'an nan mu yi lissafi irin na manoma. Yaushe mu ke ɗaukar kaya masu nauyi? Gero da dawa da gyaɗa da wake duk da kaka a ke kwasarsu, hanya ta bushe. Abin da ya rage shi ne taki da iri a farkon damina, su kuwa mai hankali ya kan kai su ƙauye tun watan Afrilu ko Mayu, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda 'yan makonnin Agusta za ka yanka motar da ke ciyar da gidanka wata goma sha biyu? Wani abu kuma da ke ci mini rai a aikina: mai ƙafa huɗu ta kan ba mutum ƙarfin halin shiga gona da lodi ƙasa tana jiƙe. Taya ta danne ƙasa ta yi tauri, saiwa ta kasa ratsawa, sawun da ta bari kuma ya zama hanyar ruwa. Kwazazzabo da yawa daga sawun mota suka faro.

Na yarda akwai wanda ƙafa huɗu ta zame masa dole. Mai lambu a can cikin fadama, da tumatir ba ya jiran kowa. Mutanen ƙauyen da in mace tana naƙuda cikin Agusta sai an yi mil goma cikin taɓo kafin a kai asibiti. Ba na wasa da bukatar waɗannan. Amma su ma shawarata ita ce su sayar da ta hannu, su cika kuɗi su sayi ta asali, ko da ta fi tsufa. Toyota tana yin Hilux mai ƙafa huɗu tun 1979, Land Rover kuwa tun 1948, ba a rasa su a kasuwa. Hanya ɗaya kaɗai na ga juyi zai yi ma'ana: in ka sami mota iri ɗaya da taka, shekara ɗaya, mai ƙafa huɗu, wadda ta yi haɗari jikinta ya lalace amma ƙashinta lafiya. Nan ma ya fi sauƙi a ɗauke injinka da jikin motarka a ɗora a kan ƙashinta. Ka tabbata takardunta na gaskiya ne, lambar ƙashi ta yi daidai da abin da ke rubuce, ka kuma sanar da masu inshora.

Shi Alhaji ga abin da muka tsayar. Zai sa wa ƙafafun baya taya masu manyan haƙora. In zai tafi babu kaya zai aza buhu uku na yashi daidai kan aksil na baya, don akori-kura marar lodi bayanta ba shi da nauyin kama ƙasa. Cikin rairayi zai rage iskar taya kamar rabi, ya riƙe famfo ya mayar in ya fita. Shebur da katako biyu da igiya mai ƙarfi ba za su bar bayan kujera ba. Daga bakin fadama zuwa gona kuwa amalanken shanu zai ƙarasa da kaya, ba ya shan mai, yana kuma ba da taki.

Da na tambaye shi wurare nawa ne motar ke kafewa tsakanin kasuwa da garinsu, ya yi shiru ya ƙirga, ya ce biyu. Duka biyun kuwa ba su fi yadi talatin-talatin ba. Ya ce zai ga dagaci ran Juma'a a kan maganar gayya, shi zai sayi bututun kwalbati, mutanen gari su kawo marmara da dutse.