Hayaƙi ba ya neman biza

Injin mota yana haɗa man fetur da iska, buji ya kunna wuta, ƙarfin ƙunar ya tura fistan. Da yake man ba ya ƙonewa ƙurmus, salansa tana fitar da guba iri 3: kabon monoksaid mai hana jini ɗaukar oksijin, ragowar ɗanyen mai, da hayaƙin nitrojin mai cin huhu. Maganinsu ita ce matatar da ke cikin bututun hayaƙi, wadda ke mayar da mafi yawansu tururin ruwa, nitrojin da kabon dayoksaid.

Sai ga shi tsofaffin motoci da dama suna baro Turai ba tare da ita ba: an yanke, an sayar saboda ƙarfen platin da ke ciki. Wani ya ci riba, mai talla a bakin titin Maraɗi ya shaƙi asara.

A 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina sayar da fetur mai dalma, wadda ke kashe matatar. A 2020 CEDEAO ta tsai da ma'aunin Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su. Nijar ta fice daga ƙungiyar a 2025, amma huhun ƴaƴanmu bai canja ba.

Muna kira ga gwamnati ta sa wannan ma'auni cikin dokarmu, duwan su duba matatar tun a iyaka, binciken lafiyar mota kuma ya wuce buga hatimi. Arahar da ake biya a asibiti tsada ce.