Layin Mutum Ɗaya



Jiya a majalisarmu ta Sabo, nan Ibadan, wani yaro yana ƙorafin cewa kamfanin intanet ya fi kula da masu kuɗi. Sai na tuna da gardamar da muka yi a shekarar 2000, lokacin ina da ɗan shagon buga takardu da aika saƙon imel.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba: kwamfutarka ce za ta buga waya ta layin tarho na ƙasa, modem ɗinka ya yi ta ƙara kamar ana tsaga kwano, har wani modem a ofishin kamfani ya amsa. Gudunsa ba ya wuce 56k, sau da yawa ma bai kai ba. Kamfani kuwa ba ya ajiye modem ɗaya don kowane mutum. Kaɗan yake saye, ya raba wa jama'a da yawa, bisa lissafin cewa ba za su kira lokaci guda ba. Idan duk sun cika, sai ka ji layi a kame. Haka nakan zauna bayan Magariba ina ta sake bugawa, dattijo na jiran a aika wa ɗansa saƙo Jidda.

Sai muka ji an ware wa wani attajiri lamba tasa shi kaɗai, da modem nasa, kan kuɗi mai tsoka duk wata. Abokaina suka ce zalunci ne. Ni ban ce haka ba, har yau kuma ban canza ba. Mu da muka tashi a zango mun san maigida yakan ajiye wa babban fatakensa ɗaki, ko ya zo da shanu ko bai zo ba, ba wanda ya taɓa kiran wannan cuta. Wanda ya biya kuɗin tabbas, a ba shi tabbas.

Inda na ga laifi shi ne daga ina aka ɗauko modem ɗin. In sabon layi aka jawo da kuɗin mutumin, madalla. Amma a lokacin layukan tarho a duk Najeriya wajen rabin miliyan ne kacal, samun sabo sai an sha jira. To daga cikin namu aka zare. Kuɗin watanmu bai ragu da ko kwabo ba, ba a kuma faɗa mana ba. Attajirin yana barci, modem ɗinsa na zaune, ni ina mayar wa mutane kuɗinsu.

Wayar salula ta GSM ta shigo a 2001, sannu a hankali wannan ƙarar ta ɓace. Amma har gobe ana sayar da intanet iri biyu, na haɗaka da na mutum ɗaya. Na ce wa yaron nan ya koma ya tambaye su abin da ban tambaya ba a lokacin: mu nawa ne a kan layin da yake biya?