Ɗan Acaban Da Ya Daɗe A Kan Babur, Shin Yana Buƙatar Komawa Horo?

A taronmu na wata da ya gabata an kawo shawarar cewa ƙungiya ta ware wani abu daga asusunta, ta shirya wa 'yan uwanmu masu sana'ar acaba horo na kwana biyu a kan tuƙin babur. Ba sababbin shiga kawai ake nufi ba, har da waɗanda suka daɗe a cikin sana'ar. Magana ta yi zafi, har wani dattijo daga cikin masu babur ya miƙe ya ce shekararsa 15 yana okada a garin nan, tun daga Agege har Ikorodu babu lungun da bai sani ba, to wane yaro ne zai zo da allo da alli ya koya masa hawa mashin? Jama'a suka yi dariya, da yawa kuma suka goyi bayansa. Tun da ba a yanke hukunci ba a ranar, muka ga ya dace mu bayyana matsayinmu a wannan shafi, domin kowa ya auna kafin zama na gaba.

Matsayinmu shi ne horon yana da amfani, kuma wanda ya daɗe a sana'ar ya fi sabon shiga buƙatarsa ta wasu fuskoki. Amma da sharuɗɗa, za mu zo kansu.

Da farko bari mu yi wa masu suka adalci, domin ba maganar banza suka yi ba. Ɗan acaba abin da ya samu yau shi zai ci yau. Kwana biyu ba aiki yana nufin kwana biyu ba cefane, ga balas na mai babur da ba ya jira, ga kuɗin tikiti na tasha, ga iyali a gida Arewa suna sauraron aike. Na biyu, mutanenmu sun sha ganin an ɓullo da wani sabon kati ko riga ko rajista, a karɓi kuɗinsu, bayan wata shida a ce an soke. Duk wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na uku, kuma wannan ita ce mafi nauyi, takardar horo ba ta ɗage dokar hani. Kamfanoni irin su Gokada da Max.ng sun horar da mahayansu, sun ba su hular kwano, sun sayi manyan babura, amma da gwamnatin Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi ranar 1 ga Fabrairu, 2020, har da su dokar ta haɗa. Saboda haka duk wanda ya ce muku horo zai buɗe muku hanyar Ikeja ko Apapa, ba gaskiya ya faɗa muku ba.

To in haka ne, me ya sa muke goyon baya? Mu tambayi kanmu yadda akasarinmu suka koyi babur. Wani yaya ko aboki ne ya kai mutum fili da yamma, ya nuna masa kuloci da giya da totur, bayan kwana uku ya hau titi. Abin da ya biyo baya duk sabo ne. Sabo yana koya wa mutum sanin hanya, da halin direban danfo, da yadda ake kurɗawa cikin cunkoso. Amma kuskuren da aka ɗauka a ranar farko, sabo ba ya gyara shi, ƙara kafa shi yake yi. Shi ya sa Hausawa ke cewa sabo turken wawa.

Ga misali. Da yawa daga cikin gwanayenmu tsoron birkin gaba suke yi, sun ɗauka shi ne ke kifar da mutum, don haka da birkin ƙafa kaɗai suke aiki. Alhali idan aka taka birki nauyin babur gaba yake komawa, kuma a busasshiyar kwalta birkin gaba ne ke ɗaukar wajen kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa. Abin da ke kayar da mutum shi ne fizgarsa gaba ɗaya, musamman a kwana ko a kan yashi. Yadda ake matsa shi sannu a hankali tare da na baya, wannan a fili ake gwada shi sau da yawa har hannu ya saba, ba ranar da yaro ya faɗo titi a gabanka ba. Mutum yana iya shekara 20 a kan babur bai taɓa gwada wannan da gangan ba ko sau ɗaya.

Haka batun gudu. Wanda yake tafiyar kilomita 60 a awa, a cikin daƙiƙa ɗaya yana cin kusan mita 17, wato kafin ma hannunsa ya kai ga birki ya riga ya wuce tsawon motoci uku ko huɗu. Kuma idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin a tsaya ninkuwa yake yi sau huɗu. In ka ƙara da goyon mutum biyu da buhun kaya, lissafin ya sake canzawa. Sai kuma tirela da tanka, waɗanda suka cika hanyoyin garin nan saboda tashar jiragen ruwa ta Apapa. Direban babbar mota yana da wuraren da ba ya gani sam, a gefensa da dab da gabansa da bayansa, kuma idan zai sha kwana tayoyin baya suna yanko hanya fiye da na gaba. In ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Ga ruwan farko na damina da ke tayar da man da ya daɗe a kan kwalta ya mai da ita santsi. Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya fahimtar da mutum a wuni ɗaya, amma da yawa daga cikinmu a gadon asibiti suka gane su.

Ba za mu manta da wani ɗan uwanmu ba, wanda ba sai mun kama suna ba, da ya haura shekara 18 a sana'ar, har samari ke zuwa wurinsa neman shawara. Ya bi ta gefen tirela a daidai lokacin da take shan kwana, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Sai da aka zagaya da kwali sau uku a wurin taro kafin a haɗa kuɗin aiki, ya yi wata biyar ba ya fita, mai babur ya karɓe abinsa, a ƙarshe muka sa shi a mota zuwa gida. Abin da aka kashe a kansa shi kaɗai ya isa a horar da mutane masu yawa. Ba don wasa ba ne mutanen gari suka laƙaba wa wani ɗaki a asibitin ƙashi na Igbobi sunan ɗakin okada.

Batun hular kwano ma haka yake. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wato FRSC, ta fara tilasta sa hula a ranar 1 ga Janairu, 2009, an ga masu kifa ƙwarya da robar fenti a kansu don su tsere wa kamu, har labarin ya zaga duniya. Wannan alama ce ta cewa an ba mutane doka ba a ba su dalili ba. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna cewa hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, tana rage na raunin kai da kashi 69. Hular da aka rataya a hannun babur ko aka ɗora ba ɗauri, ba ta cikin wannan lissafi.

Sai ɓangaren 'yanci, wanda shi ne aikin wannan mujalla. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar ya tafi ya zauna a duk inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Amma mun ga yadda a watan Agustan 2019 aka tare mutum 123 daga Jigawa da babura 48 a hanyar shigowa Legas, kafin daga baya a sake su. Mun ga dokar 2012 ta zamanin Gwamna Fashola da ta hana acaba a hanyoyi 475. Mun ga hanin 1 ga Yuni, 2022, a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Legas Mainland da Legas Island, wanda a watan Satumbar shekarar aka ƙara masa Mushin da Oshodi-Isolo da Kosofe da Shomolu, aka kuma murƙushe babura fiye da 2,000 a watan Yunin kaɗai. Ba a Kudu kawai ba, Abuja ta kori acaba daga tsakiyar birni a 2006, Kano ta hana goyo a 2013. A kowane karo hujjar da ake kafawa ita ce haɗura da rashin tsaro. Idan shugabanninmu suka je gaban hukuma neman a saki ɗan uwa, tambayar farko ita ce ina lasisinsa, ina inshora, ina takardun babur. Sau nawa muka sunkuyar da kai a wannan wuri? Wanda ya san hanyar da aka hana da wadda ba a hana ba, yana da lasisi mai aji A na babur, takardunsa sun cika, shi ne muke iya tsaya wa da ƙarfi idan an zalunce shi. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma laifin ɗan acaba ɗaya a garin nan kan Bahaushe gaba ɗaya ake jingina shi, har da mai shayi da mai faci da mai gadi.

Amma a kula, ba kowane horo ne alheri ba. A ƙasar Norway an taɓa tilasta wa sababbin direbobin mota koyon tuƙi a kan santsi, sai binciken da aka yi a shekarun 1980 ya nuna haɗuran samari maza a kan santsi ƙaruwa suka yi, saboda sun fito suna ganin sun zama gwanaye. Horon da zai ƙara wa mutum ganganci gara babu shi. Wanda muke so shi ne mai koya wa mutum hango haɗari tun daga nesa, da sanin iyakar babur ɗinsa da iyakar kansa.

Don haka ga sharuɗɗanmu. A yi horon da Hausa, domin bayani da Turanci ko Yarbanci zai bar rabin aji a baya. A yi shi a fili a kan babur, ba a zauna a benci ana kallon allo kawai ba. A raba shi sa'o'i kaɗan da hantsi bayan cunkoson safe, don kada kowa ya rasa na cefane. Kada a karɓi ko sisi daga mahaya in ba da rasit ba, kuma a karanta lissafin kuɗin a gaban taro. A gayyaci jami'an hukuma su bayyana doka da bakinsu, mu ma mu gaya musu abin da ake yi wa mutanenmu a kan hanya. Sannan dattawan sana'ar su zama cikin masu koyarwa, domin akwai abin da suka sani wanda babu shi a littafin kowa.

Ga dattijonmu mai shekara 15 a kan babur, muna cewa mu ma da gemunmu muka shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan mun daɗe muna kasuwanci da lissafin ka. Ba mu rasa abin da muka sani ba, sai dai daga ranar ba wanda ya sake sa mu dangwala hannu a takardar da ba mu karanta ba. Muna roƙon kowa ya halarci zama na gaba, masu goyon baya da masu suka, a yanke shawara tare.

Allah ya tsare mana hanya, ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya.

Sakataren Ƙungiya