Biyar Ba Talauci Ba Ne

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin samarin Filinge masu koyon jita, kuma ta ishe ni. Wai kiɗin sauti biyar na ƴan ƙauye ne, wai sai ka haddace do, re, mi, fa, sol, la, si da tarin akwar na Turawa kafin a ce ka iya. Wa ya faɗa musu haka? Bidiyon YouTube da suke kallo, megas na ƙarewa, yatsu na ciwo, wata shida ba su fitar da waƙa guda ba.

To, ku cire fa da si. Saura do, re, mi, sol, la. Kunnen ɗan Kurfai ya san su tun yana goye, a bakin mata masu daka, a tsirkiyar molo da goge. Neman su a wuyan jita ne kawai ya rage, kuma wannan aikin yini guda ne. Kama tsirkiya ta uku, wadda ake ɗaure wa a sol. Kaɗa ta sake, sannan danna gida na 2, na 4, na 7, na 9, ka ƙare a na 12. Tazarar ke nan: biyu, biyu, uku, biyu, uku. Ko daga ina ka fara, ƙidayar ba ta canzawa. In ka mai da sauti na biyar ya zama mafari, launin ya koma na bulus ɗin Amurka, wanda su waɗannan samari ke yi wa kallon abin sama.

Ali Farka Ture na Mali, da ya rasu a 2006, da irin wannan biyar ɗin ya ci Grammy. Mdou Moctar kuwa, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta.

Masu cewa bakwai ta fi biyar suna da gaskiya guda: in za ka shiga orkestar a Yamai, za a buƙace su. Sai ka koya, ba a hana ba. Amma fara da abin da kake iya rerawa.

Abin da ya fi damuna ma daban ne. Molo ba shi da ƙarafa a wuya, don haka makaɗi yana sa yatsa tsakanin sauti da sauti, inda jita ba ta da gida. Wannan ba ya cikin bidiyo. Sai ka zauna gaban tsohon mai molo, ka ja tsirkiya da yatsa har muryarku ta daidaita. Kuma tsofaffin nan, ƴan uwa, raguwa suke yi kowace shekara.